Bakanike yac ce a yanke indomin motata a sayar, in yarda? Amsa daga mai aikin ƙarfe

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu. Kac ce Corolla ɗinka 'yar kwatano ta rage ƙarfi, in ka hau hanyar Bodinga ka taka ta sai ta riƙa nishi ba ta son wuce 80, bakanikenka yac ce indomin salansa, wato gwangwanin nan mai rage gubar hayaƙin mota, ce ta toshe, a yanka a ciro ta, har akwai mai saye da zai ba ka kuɗi, in ka so daga baya a samo wata a cusa a walde. Sannan ka ƙara da tambayar da ta fi yi min daɗi, wai mi ya hana maƙeranmu na Sakkwato su ƙera abin nan tunda dai gwangwani ne da farar ƙasa a ciki.

Ni a Maƙera Assada na tashi, ina yaro ni ka jan zugazugi wurin kakana, daga baya na yi karatun injiniya na yi shekaru ina aiki kan injinan matsa ƙarfe da na lanƙwasa fayif, yanzu aikin salansa da gyaran injinan masana'anta nika yi. To amsa a taƙaice, kar ka yarda a sa wuta ko zarto a jikin gwangwanin nan tukuna. Ba don bakaniken maƙaryaci ne ba, wataƙila ma gaskiya tai, amma abin nan in an yanka shi to an yanka ke nan, babu mai walda a Buzaye ko a Kano ko a Legas da zai iya maida shi yadda yake, kuma dalilin haka shi nika son in zauna in yi maka bayani sosai don nan ne mutane ba su gane ba.

Injin fetur in yana aiki guba uku ka fita ta salansa. Akwai iskar nan marar launi marar wari wadda ka kashe mutane in sun kwana da janareta a cikin gida, kabon monoksaid, akwai fetur ɗin da bai gama ƙonewa ba wanda shi ka sa ido yaji in kana bayan tsohuwar mota a go-silo, akwai kuma wata da ake samu in zafin cikin injin ya haɗa naitirojin da oksijin na iska, ita ka cin huhu tana tada asma. Aikin indomi, wadda wasu ka ce ma katalis, shi ne ta juya ukun nan su koma tururin ruwa da naitirojin da irin iskar da mu ma muke fitarwa in mun yi numfashi. Ba rariya ba ce, ba ta tace komi ta ajiye. Ka ɗauke ta awa dillali a Kara, mai saye da mai sayarwa sun kasa daidaitawa, shi yaz zo ya haɗa su, ciniki ya faɗa, shi kuma yana nan da rigarshi yana jiran na gaba. Shi ya sa in injin lafiya lau yake tana iya kai ƙarshen rayuwar motar ba ta ƙare ba.

Akwai guda a kan teburina da na tsaga da gangan don nuna ma yara masu koyon aiki. In ka ɗaga farin dutsen tangaram da ke cikinta ka saita shi da rana za ka ga haske na ratsowa ta dubban ƙananan ramuka a jere awa saƙar zuma, ka ɗan karkata shi kaɗan hasken ya ɓace don ramukan dogaye ne miƙaƙƙu. A faɗin inci ɗaya tsawon inci ɗaya ana samun ramuka 400, sababbin motoci har 600 ko 900, bangon da ke tsakanin rami da rami kaurinshi bai fi na takarda ba sosai, da farce ma kana iya ɓantare shi. An shafe cikin ramukan da wani kunu na alumina, wani farin gari dangin alminiyam, wanda in ya bushe yake zama gwarje-gwarje mai ƙofofin da ido bai gani, in da za a shimfiɗe faɗin wanga shafe a ƙasa to ya fi filin ƙwallo na Giginya. A kanshi ne anka yayyafa ƙarafa masu daraja uku, filatinam da faladiyam da rodiyam, 'yan giram kaɗan, a ƙaramar mota wani lokaci bai wuce 2 ko 3 ba. Kuma ba ta fara aiki sai ta ɗau zafi kamar digiri 250 zuwa 300, shi ya sa ake manna ta kusa da injin.

Wanda ya yi fice a farkon ƙirƙirar abin wani injiniya ne Bafaranshe mazaunin Amurka, Eugene Houdry, wanda dama sananne ne a harkar tace man fetur. Hazon hayaƙin mota da ya addabi Los Angeles ne ya dame shi, ya samu takardar mallakar ƙirƙirarshi a 1956, amma abin bai je ko'ina ba a lokacin don fetur ɗin zamanin ana zuba mai dalma, ita kuwa dalma tana lulluɓe filatinam ta kashe shi cikin ɗan lokaci. Har ya rasu a 1962 bai ga abin ya shiga motoci ba. Sai da Amurka ta yi dokar tsabtace iska a 1970 ta tilasta ma kamfanonin mota su rage guba sosai, motocin 1975 sunka fito da shi, gidajen mai kuma sunka fara sayar da fetur marar dalma. Mu nan ƙasashen Afirka kudu da Sahara sai zuwa farkon 2006 anka gama da fetur mai dalma, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Na farko-farkon da General Motors ta sa ma ba saƙar zuma ba ne, ƙananan duwatsu ne awa tsakiya anka cika gwangwani da su, suna shaƙe injin suna kuma gogar juna har su zama gari.

Saƙar zumar nan mutum uku ne a kamfanin Corning na jihar New York sunka fito da ita a farkon shekarun 1970, Rodney Bagley da Irwin Lachman da Ronald Lewis. Lachman da Lewis sun yi aikin haɗin ƙasar, irin farar ƙasar nan kaolin da ake haƙa a Ƙanƙara, da dutsen da ake hodar shafawa da shi, da alumina, in an gasa su wajen digiri 1,400 su narke da juna su zama wani tangaram da zafi bai cika sa shi kumbura ba. Bagley kuwa shi ya ƙera bakin injin. Ka san yadda ake makaroni, a kwaɓa fulawa a tura ta da ƙarfi ta cikin ƙarfe mai huda ta fito da rami a tsakiya? To haka, sai dai maimakon rami ɗaya dubbai ne a lokaci guda. Ta baya an huda ƙarfen da ƙananan ramuka inda kwaɓin ka shiga, ta gaba an tsattsaga shi tsaye da kwance da siraran tsagu, kwaɓin ya shigo ta ramukan ya bazu cikin tsagun ya haɗe da juna ya fito a matsayin saƙa guda doguwa, a yanka, a busar, a gasa. Wallahi duk lokacin da na tuna da wanga ƙarfe sai na jinjina ma mutumin, don tsaga ɗaya ta fi 'yar'uwarta faɗi da kaurin gashi to kwaɓin zai fi gudu ta can, saƙar ta fito a karkace ta fashe a wuta. Har yau Corning da NGK na Japan ne manyan masu yin ta.

Sai John Mooney da Carl Keith na kamfanin Engelhard, su sunka haɗa wadda ka maganin guba ukun gaba ɗaya a dutse guda. Sharaɗinta shi ne iska da fetur su shiga injin a ma'auni, nauyin iska 14.7 ga nauyin fetur 1, in ya kauce kaɗan ɗaya daga cikin ayyukan ya tsaya. Don haka anka sa mata sansan oksijin na Bosch wanda ka shinshina hayaƙi yana gaya ma birenbos, wato kwamfutar motar, ƙara mai ko rage, Volvo ce ta fara fito da haɗin a 1976. Motarka sansa biyu gare ta, ɗaya kafin indomi ɗaya bayanta, ka riƙe wanga don zan dawo kai.

Kuɗin da ake tayi maka na ƙarafan nan uku ne. Mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya daga Afirka ta Kudu suke fitowa, faladiyam kuma Rasha da Afirka ta Kudu. Rodiyam duk duniya abin da ake haƙowa a shekara kusan tan 30 ne kacal, a watan Maris na 2021 oza ɗaya ta kai wajen dala 29,000 lokacin zinari yana wajen dala 1,700. Farashin ya faɗo sosai daga baya amma tun lokacin ne idon kowa ya buɗe, satar indomi ta yawaita har a Ingila da Amurka, mu ma nan ka kai mota wanki ko gyaran giya ta kwana ta dawo da wata irin ƙara.

To yanzu ga inda nika son ka natsu, don nan ne fannina. Ka ɗauka an ba ka ƙwai an ce ka sa shi cikin gwangwanin ƙarfe, ka ɗaure a ƙarƙashin mota, ya bi hanyar Illela da ramukanta, ya yi zafi har digiri 800 ya huce ya sake zafi sau dubbai, damina ta zo ka faɗa ruwa da shi yana ja wur, shekara 15 kuma kar ya fashe kar ya motsa kar hayaƙi ya zagaye ta gefenshi. Wanga shi ne aikin. Abin da ya ƙara wahalar shi ne ƙarfe da tangaram ba su kumbura daidai, duk maƙeri ya san in ka gasa zobe yana buɗewa, ƙarfen gwangwanin nan yana buɗewa kusan ninki goma fiye da dutsen da ke cikinshi. Wato da zarar salansa ta yi zafi gwangwanin ya saki dutsen. Maganin da anka samo shi ne wani bargo da ake naɗe dutsen da shi, na zaren tangaram, galibi da ɓarɓashin wani dutse mai walƙiya a ciki wanda in ya ji wuta yake kumbura, sai ya cike ratar da ƙarfen ya bari. Amma bargon sai an matse shi daidai wa daida. Ya yi sako-sako dutsen ya riƙa rawa yana cin kanshi, hayaƙi kuma ya riƙa zaizaye bargon. Ya matsu da yawa dutsen ya tsage tun a masana'anta ko zaren bargon ya karye ya rasa ƙarfin turawa. Tsakanin biyun nan ratar ba ta kai milimita ɗaya ba.

Dabarun rufe gwangwanin sun yi ta canzawa kuma kowace takardun mallaka gare ta tuli. Ta farko ita ce a buga faranti biyu a injin matsa ƙarfe su fito awa ɓari biyu na ƙwarya, a sa dutsen a tsakiya a kife a matse a walde gefe da gefe, in ka leƙa ƙarƙashin tsofaffin motoci za ka ga mai leɓe a gefe, ita ce. Matsalarta matsin bai zagaye daidai, wajen leɓen daban sama da ƙasa daban. Sai anka koma cusawa, a samu bututu guda a sa mazurari mai santsi a bakinshi, injin ya tura dutsen da bargonshi a hankali har ya shige. Akwai kuma ta ɗaurin gwaggwaro, a naɗe farantin ƙarfe a jikin dutsen a ja shi da ƙarfin da anka auna, yana matse ake walde shi. Wadda ta fi burge ni ita ce ta yanzu, don duwatsun in sun fito daga wuta ba su zama girma ɗaya cif, to sai inji ya auna faɗin kowane dutse, ya auna nauyin bargonshi, kwamfuta ta yi lissafi, a cusa shi cikin bututu mai ɗan yalwa sannan wasu haƙoran ƙarfe su kewaye bututun su tsuke shi zuwa daidai girman da wanga dutse shi kaɗai yake buƙata. Kowane gwangwani an ɗinka shi ne a jikin mai shi awa tela ya auna ka.

Bakin gwangwanin ma da can mazurari biyu ake bugawa daban a walda gaba da baya. Yanzu da yawa ba walda, murza shi ake. Ka ga injin juya ƙarfe na masu gyaran kiranshaf? To kusan haka, ko bututun ya juya ko kuma wasu tayoyin ƙarfe su riƙa zagaye shi da gudu suna danna bakin kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, har faffaɗan bututu ya tsuke ya koma girman fayif ɗin salansa, ba a yanke komi ba ba a ƙara komi ba. Kamfanin Sango na Japan mai yi ma Toyota salansa ya yi fice a murza bakin ya fito a goce ko a karkace don ya dace da matsatsin ƙarƙashin mota. Ranar da na fara ganin ana murza ƙarfe haka kakana na tuna, yadda yake tsuke bakin kwaroron kalme a kan uwar maƙera, bugu kaɗan ya juya, bugu kaɗan ya juya, bai taɓa yarda ya kai ƙarfe inda yake so a bugu ɗaya ba don ya san zai tsage. Ilimin ɗaya ne, ƙarfe yana da iyakar abin da zai yarda da shi a lokaci guda, sai dai can inji ne mai ƙirga kowane zagaye. Ƙarfen kuma ba baƙin ƙarfen kasuwa ba ne, sitenles ne mai lamba 409 galibi, mai kuromiyam kusan kashi 11 cikin 100 don kar zafi da tsatsa su cinye shi.

Bari in ɗan ratse, masu gidan fiya wata za su gane abin da nika nufi. Injin nan nasu da ka jawo leda daga nadi, ta bi ta kan wani lanƙwasasshen ƙarfe ta naɗe ta zama bututu, hita ta like tsaye, ruwa ya zuba, wata hitar ta like kwance ta yanke, asalinshi tun shekarun 1930 anka ƙirƙiro shi a Amurka don ƙunsa alawa. Sau nawa ake kirana wai ledar ce ba ta da kyau tana yoyo, in je in tarar lanƙwasasshen ƙarfen ne wani ya buga da guduma ya goce da milimita biyu, ko zafin hita ya sauka. Gwangwanin sadin ma farantin ƙarfe ne anka danna cikin mazubi ya lotsa ba tare da ya yage ba. Duk dangin aiki ɗaya ne da rufe indomi, ƙunsa abu a cikin abu da ma'aunin da ido bai iya kamawa, kuma duk inda hannu ya shiga da kintace sai ya yi yoyo.

Yanzu ka gane abin da ka faruwa in an yanka an cusa wata an walde. Bargon asali ya riga ya kumbura ya zauna, da an buɗe ya wargaje, babu shi a kasuwarmu. Dutsen da za a kawo na wata mota ne, girmanshi daban. Bara wani bawan Allah ya kawo min mota tana kwaram-kwaram a ƙasa awa an sa tsakuwa a galan, an yi mai irin wanga aiki wata huɗu da sunka wuce a wani gareji, kuma ya biya kuɗi mai kauri. Da na buɗe sai na tarar an naɗe dutsen da ragar waya da guntun abin rufe silin, ragar ta ƙone, dutsen ya yi ta jujjuyawa yana gogar bango har ya koma dunƙule awa curin fura, ya gangara ya toshe bakin fita, garinshi fari fat ya cika tukunyar salansa ta baya. Mutumin ya tsaya yana kallo ya kasa magana, don a kan wanga toshewa har injin ya fara zafi. Waldar kabaid da anka yi a kan sitenles ɗin kuma ta riga ta fara tsagewa a gefe.

Kafin a taɓa komi a tabbatar ita ce. Mota na rage ƙarfi saboda famfon mai, ko matatar mai, ko matatar iska da ƙurar hunturunmu ta cika, ko sansan iska ya yi datti, ko filogi. Gwaji mai sauƙi, a kwance sansan oksijin na gaba a bar ramin a buɗe a ɗan zagaya da motar kaɗan, za ta yi ƙara amma in ƙarfin ya dawo to lallai akwai toshewa a bayan wurin. In motar ta huce a bubbuga gwangwanin da tafin hannu, in ka ji kacau-kacau dutsen ya fashe. A sa kwamfuta, lamba P0420 tana nufin indomi ba ta tsabtace hayaƙi yadda ya kamata, ba lallai toshewa ba, wani lokaci ma sansan baya ne ko hudar salansa. Lambobin P0300 zuwa P0304 kuwa injin ne ka tsallake wuta, kuma shi ne babban mai kashe indomi, don silindar da ba ta kama wuta ba ɗanyen fetur take turowa, ya je ya kama a cikin saƙar, zafi ya haura abin da tangaram zai iya ɗauka ta narke ta like. Shi ya sa in fitilar cek injin tana ƙiftawa ba tsayawa ta yi ba, ka sauka gefen titi. Injin da ka shan baƙin mai saboda ringi shi ma tokarshi na like ramukan, haka ruwan lagireto in gasket ɗin tof ya ƙone, haka man 'yan bumburutu da ba ka san mi anka gauraya ba. Ita dai ba ta mutuwa haka kawai, kashe ta ake, in ka sa sabuwa ba ka gyara abin da ya kashe tsohuwar ba ka kashe maciji ba ka sare kai ba.

In ta tabbata ta narke, to a canza gwangwanin gaba ɗaya da dutsenshi a ciki yadda masana'anta ta rufe shi, ko 'yar kwatano ta irin motarka wadda ba a taɓa buɗewa ba, ka duba jikinta da kyau babu sabon ɗinkin walda, ka haska tocila ta baki ka ga saƙar, ko kuma sabuwa ta gama-gari a yanke a fayif gaba da baya a haɗa da waldar agon. A fayif ake yanka, ba a cikin gwangwani ba. Sababbin masu arha ƙarfe mai darajar da ke cikinsu kaɗan ne, wasu ba su jimawa fitilar ta dawo, wanga ma ka sani. Maganar da ake yi wai in an cire mota za ta riƙa shan mai, gaskiya a motoci da yawa bambancin ba yawa don sansan gaba ne ka ƙayyade mai, na bayan aikinshi sa ido, sai dai wurin yankan nan ne ake ƙona waya ko a lalata sansan gaba, daga nan shan mai ya fara. Abin da ya tabbata shi ne fitilar cek injin za ta zauna a kunne har ranar da wata matsala ta gaske za ta zo ba ka sani ba, gubar nan uku kuma za su fita ɗanyu, kai da ka tada mota da safe a zaure ko gareji yara na shirin makaranta, da mai kabu-kabun da ke bayanka, da mai tallar da ke bakin titi, ku za ku shaƙa. Wanga ne ya fi damuna fiye da maganar mai.

Akwai kuma yaran da ka fasa duwatsun nan wurin 'yan gwangwan. Na ga yaro da bai fi shekara 14 ba zaune yana dukan su da guduma yana tara garin a buhu, gashin idonshi fari, ba ko ƙyalle a hanci, ƙurar bargon nan kuwa zare ne mai shiga huhu ya zauna. Buhunan ƙarshensu waje ake kai su, manyan matatu irin ta Umicore da ke Hoboken kusa da Antwerp a Beljiyam su narka su cire ƙarafan su sake sayar ma masu ƙera sababbi. Ta tashar Antwerp ɗin nan motocinmu da yawa sunka biyo zuwa Kwatano. Wato abu mafi daraja a motar ya koma inda ya fito, hayaƙin ya rage namu, kuma abin da anka ba mai motar bai kai kuɗin sayen wata ba. Raina na ɓaci duk lokacin da na tuna.

Maƙeranmu fa? Dutsen da shafenshi gaskiya ba aikin maƙera ba ne, yana son bakin inji irin na Bagley da tanderu mai riƙe digiri 1,400 ba hawa ba sauka da ɗakin gwaji da jarin sayen filatinam. Amma kar wani ya ce maka baƙar fata bai yi, Afirka ta Kudu tana ƙera su da yawa a yankin Port Elizabeth da yanzu ake kira Gqeberha tana tura ma Turai, don sun ƙi yarda su riƙa fitar da ƙarfen ɗanye kawai. Akwai ma irin da ba tangaram, siririn farantin ƙarfe ne da bai kai kaurin takarda ba ake lanƙwasawa awa kwanon rufi ko cikin kwali a naɗe shi, kamfanin Emitec na Jamus ya shahara da shi, ana sa shi a babura. Abin da ke hannunmu yau shi ne duk sauran salansar, lanƙwasa fayif ba tare da ya lotse ba, buga faifan haɗi, garkuwar zafi, kejin ƙarfe na hana ɓarayi kwance indomi, waldar sitenles mai tsabta. Hannun da ka ƙera garma da ƙofa da tukunyar alminiyam a garin nan ba ƙwarewa ya rasa ba, abin awo ya rasa da inji da wuta tsayayya. Ni da za a ji tawa, ɗaliban injiniya na Kwalejin Umaru Ali Shinkafi da na jami'ar Ɗanfodiyo su riƙa yin aikinsu na ƙarshe tare da maƙeran Assada, ɗaya ya kawo lissafi ɗaya ya kawo hannu, a fara da injin lanƙwasa fayif da na murza bakin bututu, waɗanga biyu ba su fi ƙarfinmu ba.

Kai dai gobe ka koma wurin bakaniken da kanka, kar ka aika yaro kuma kar motar ta kwana. Ka ce mai cikin mutunci a fara sa kwamfuta a duba filogi da kwayil da matatun nan biyu, sannan a yi gwajin kwance sansan gaba kana tsaye. Ka ɗauki hoton gwangwanin da lambar da ke jikinshi tun kafin a fara. In har ta kai ga canji, tsohuwar taka ce, a ba ka ita a rufe yadda take, ka tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku da lambar nan kafin ka sayar, ka ɗora kuɗin a kan sayen wata. In kwamfutar ta nuna lambobi ka rubuto min su da shekarar motar in gaya maka wanda za a fara bi.